Yadda zaka shirya tafiyar kaka zuwa duwatsun Kirgistan don kallo da hawan doki

Tun da na dawo mutane ke ta tambayata, wane wata ya fi, nawa zan tanada, ni da ban taɓa hawa doki ba zan iya kuwa, akwai abincin halal a can? Na gaji da ba da amsa guntu-guntu shi ya sa na ce bari in zauna in jero komai yadda yake bi da bi. Kirgistan ƙasa ce a tsakiyar Asiya, babban birninta Bishkek, kusan duk ƙasar duwatsun Tiyan Shan ne, kuma mutanenta doki a wurinsu kamar babur ne a wurinmu, yaro ɗan shekara shida zaka gani yana koro tumaki a kan doki ko a jikinsa.

1. Fara da rana, sauran duk su biyo baya

Kuskuren da ya fi yawa kenan, mutum ya sayi tikiti don ya samu araha sannan ya dawo yana tambayar me zai gani. A ƙasar duwatsu kaka ba ta zuwa ko'ina lokaci ɗaya, daga sama take farawa tana gangarowa. Makiyaya suna hawa da dabbobinsu makiyayar sama da suke kira jailoo tun wajen Yuni, suna kafa tantunansu na ulu masu zagaye, boz uy, to daga tsakiyar Satumba sai su fara naɗewa suna sauka ƙauye, kafin tsakiyar Oktoba yawancinsu sun watse. Idan suka sauka babu wurin kwana, babu mai dafa maka abinci, babu wuta.

Saboda haka ni shawarata sati biyun ƙarshe na Satumba zuwa satin farko na Oktoba. Ka sa wurare masu tudu a farkon tafiyar, kwaruruka da dazuzzuka a ƙarshe, wato ka bi makiyayan kuna gangarowa tare. Wanda ya juya tsarin nan zai isa daji ganye bai gama canza launi ba, ya isa tafkin sama ya tarar da fili fetal.

Gargaɗi: a saman dutse dusar ƙanƙara na iya sauka a kowane wata, ko a Satumba tana rufe mashiga na kwana ɗaya ko biyu. Ka bar kwana biyu a jadawalinka da ba ka ɗora musu komai ba.

2. Zaɓi wuri biyu, in ka matsa uku

Ƙasar a taswira ƙarama ce amma hanya a cikinta ba ta ƙarewa don zagaye duwatsu ake. Ga waɗanda na ga sun dace da mai zuwa karon farko.

Tafkin Son-Kul. Yana mita 3,016 sama da teku, babu bishiya ko ɗaya, fili ne shimfiɗe da duwatsu sun kewaye shi, a kaka ciyawar ta koma ruwan zinare ga garken dawaki ga tafki shuɗi a tsakiya. Nan ne wurin hawan doki na gaske. Ana shirya tafiyar daga garin Kochkor, kamar awa uku a mota daga Bishkek, yawanci a hau doki daga ƙauyen Kyzart, a kwana a makiyayar Kilemche, washegari a ƙetare mashigar dutse mai sama da mita 3,000 a gangara bakin tafki, rana ta uku a dawo ko mota ta zo ta ɗauke ka.

Karakol da kewaye. Garin yana gabashin babban tafkin Isik-Kul wanda ba ya daskarewa ko a tsakiyar hunturu, tafiyar awa shida zuwa bakwai ce daga Bishkek. Daga nan ana hawa doki zuwa Altin-Arashan inda akwai ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa, ko a je ƙauyen Jirgalan wanda da garin haƙar kwal ne yanzu ya koma wurin baƙi. Ka sani dogayen bishiyoyin kwarurukan nan korensu ba ya canzawa duk shekara, ruwan ɗorawar da kake gani a hoto na bishiyoyin bakin rafi da na ƙauyuka ne, haɗuwar koren da ɗorawar da farin ƙanƙara a kan tsauni ita ce kyan wurin.

Arslanbob. Wannan yana kudu a yankin Jalal-Abad, dajin walnat ne makeke, wata irin gyaɗa ce ta bishiya mai ƙoƙo mai tauri. Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba iyalai sukan tare a dajin gaba ɗaya suna tsinta, yanayin zai tuna maka da kaka a gida lokacin cirar gyaɗa. Wurin ba shi da tudu sosai don haka ba sanyi mai tsanani, shi ya kamata ya zama na ƙarshe. Amma yana da nisa, a mota daga Bishkek wuni guda ne cur, ya fi sauƙi ka hau jirgin cikin gida zuwa Osh wanda bai kai awa ɗaya ba sannan mota kamar awa huɗu.

In kwana goma kake da shi, Son-Kul da Karakol sun ishe ka. Sai kana da sati biyu cikakku zaka ƙara Arslanbob.

3. Biza, tikiti da takardu

Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana sai da biza. Ƙasar na da shafin gwamnati na neman biza ta intanet, ka fara nema wata biyu kafin tafiya, kuma ka tabbata shafin gwamnati ne don akwai 'yan tsakiya da suka yi shafuka masu kama da shi suna ninka kuɗi. In aka nemi takardar gayyata, kamfanin yawon buɗe ido mai rijista a can ne ke bayarwa, to ka fara magana da wanda zai shirya maka dokin tun kafin ka cike fom. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida.

Gargaɗi: kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

Hanya mafi sauƙi ita ce Turkish Airlines daga Abuja ko Legas zuwa Istanbul, sannan wani awa biyar zuwa filin jirgin Manas na Bishkek. Ka yanki tikiti ɗaya tun daga gida har can. Istanbul filin jirgi biyu gare ta, in ka haɗa tikiti biyu masu araha ɗaya ya sauke ka a wannan ɗayan ya tashi daga wancan, sai ka fita gari, fita kuma sai da bizar Turkiyya.

Da ka sauka masauki ka tambaye su batun rijistar baƙi a ranar farko, 'yan ƙasashen da ba a ɗauke wa ba kwana biyar na aiki ake ba su, wanda ya yi sakaci a filin jirgi ranar komawa zai gane kurensa. Wurare na kusa da iyakar China kamar tafkin Kel-Suu kuma suna buƙatar izini na daban, waɗanda na lissafa a sama ba sa buƙata.

Inshorar tafiya ka karanta ƙananan rubutun, da yawa suna cire hawan doki ko duk abin da ya faru sama da wani tsayi. Ka nemi wadda ta rubuta hawan doki ƙarara kuma ta kai mita 4,000.

4. Ga likita, sannan ka shirya jikinka

Wannan matakin ina roƙo kada a tsallake shi, musamman mu. Daga mita 2,500 iska ta fara yin ƙaranci, mutum ya ji ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci. Mai sikila kada ya je Son-Kul, magana ta ƙare. Mai AS ma, wato wanda ya gaji sikila daga mahaifi ɗaya kawai, da yake ganin lafiyarsa ƙalau, a irin wannan tudun saifa na iya samun matsala, don haka ka san genotype ɗinka, AA ne ko AS, ka gaya wa likita tsayin da zaka hau da lamba, kuma in kana sama ka ji ciwo mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari, sauka zaka yi nan take a nemi asibiti. Mai hawan jini, mai asma, mai juna biyu, duk su ji ta bakin likita tukuna. Akwai maganin da ake sha don rage laulayin tudu, Diamox, amma likita ne zai rubuta maka.

Jiki kuma, wanda bai saba ba awa biyar a kan sirdi ba wasa ba ne, cinya da gwiwa da ƙugu duk sai sun yi tsami. Wata ɗaya kafin tafiya ka nemi masu doki a garinku, ko'ina akwai barga a arewa, ka riƙa fita kilisa sau biyu a sati ko na awa ɗaya ne. Wanda kuma ya saba hawan sallah kada ya ɗauka ya gama, zamiya a gaban fada daban, bin siririyar hanya a gefen rami na tsawon wuni daban.

5. Neman doki da ɗan jagora

A Kochkor da Karakol da Arslanbob akwai ofisoshin CBT, ƙungiya ce da ke haɗa baƙo da mutanen ƙauye masu doki da masu masauki, akwai kuma ƙananan kamfanoni da yawa, kusan duka ta WhatsApp ake magana da su. Kafin ka ba da ko sisi ka yi waɗannan tambayoyin kuma a ba ka amsa a rubuce: wane tanti ne har yanzu yake tsaye a ranakun da zan zo, awa nawa ake yi a kan doki kullum, kuɗin ya haɗa da dokin ɗan jagora da abincinsa da kwanansa, akwai hular kwano, wa zai biya motar zuwa Kyzart da dawowa, in ƙanƙara ta rufe hanya yaya za a yi da kuɗina.

Ka faɗi nauyinka na gaskiya. Dawakansu gajeru ne masu ƙarfi da juriya amma yawancin masu su ba sa son ɗora wanda ya haura kilo 95 zuwa 100, in ka yi kusa da haka gara su sani su tanadi doki babba. Ka kuma faɗi gaskiyar iya hawanka, in ka cika baki za su ba ka mai zafin kai.

Ranar hawa kafin a ɗaura sirdi ka ce a nuna maka bayan dokin. A ƙarshen kakar baƙi muke zuwa, dawakan sun yi wata uku suna aiki, wasu duk miki ne a ƙarƙashin sirdi. Ni an taɓa kawo min irin wannan na ce a canza, mai dokin ya ɓata rai amma ya canza, kuma ko yau haka zan yi, dabba ce mai rai kuma dokin da bayansa ke ciwo shi ne mai kayar da mutum. Ka duba ƙofato, ka duba igiyar likkafa ko ta tsufa ta fara tsinkewa.

6. Kuɗi

Kuɗinsu som ne, a 2025 dala ɗaya tana wajen som 87. Farashi na motsi amma ga abin da zaka yi lissafi a kai: doki som 1,000 zuwa 1,500 a rana, ɗan jagora da dokinsa 2,500 zuwa 4,000 a rana wanda in kuna da yawa raba shi zaku yi, kwana a tanti da abincin dare da karin kumallo 1,500 zuwa 2,500. Tafiyar Son-Kul ta kwana uku in an dunƙule komai takan kama dala 150 zuwa 250 kan mutum ɗaya, ku biyu ko uku ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ƙananan motocin haya da suke kira marshrutka araha ne ƙwarai, Bishkek zuwa Karakol bai kai dala goma ba. Ni dai na ce ka ware dala 700 zuwa 900 na sati biyu banda jirgi da biza.

Gargaɗi: ka zo da dala a hannu, sababbi marasa yagewa ko rubutu, 50 da 100 sun fi samun canji mai kyau. Ka canza a Bishkek ka nemi ƙananan takardu, a sama babu na'urar cire kuɗi babu mai canjin 5,000. Kada ka dogara da katin naira.

Layin waya ka saya da fasfo a filin jirgi ko cikin gari, akwai Beeline da O! da Mega. Tasi a Bishkek ka kira ta Yandex Go. Taswira ka sauke ta a waya tun a gari don a bakin tafki sabis sai an dace.

7. Kayan da zaka ɗauka

Da rana in akwai rana zaka iya zama da riga biyu, da dare a Son-Kul ruwa daskarewa yake a bokiti. Sanyin Jos ko na Mambila ba ya kama ƙafar wannan. Dabarar ita ce sawa hawa-hawa: rigar ciki mai kama jiki wadda ba auduga ba, suwaita, jaket mai kauri, sai rigar ruwa mai tare iska a sama. Hular sanyi, safar hannu, safar ƙafa ta ulu ƙafa uku, tabarau na rana, man leɓe da man shafawa don iskar ta fi hunturunmu busar da fata. Tocila ta goshi, fawa bank, ƙwayar tsabtace ruwa, da maganin ciwon kai da na gudawa. A tanti ana ba da barguna masu nauyi ana kuma hura murhu da busasshen kashin shanu da daddare, amma wutar kan mutu tsakar dare, in kana da jakar barci ka zo da ita.

Wando ya zama mai laushi wanda ba shi da ɗinki mai kauri ta cikin cinya, jins sabo zai saɓule maka fata tun ranar farko. Takalmi mai ɗan dunduniya wanda bakinsa ba shi da faɗi. Manyan takalman hawan dutse suna maƙalewa a likkafa, kuma faɗuwa da ƙafa a maƙale ita ce mafi muni a harkar doki.

'Yan'uwa mata, ana hawa lafiya lau da sutura cikakkiya, wando mai kauri da riga zuwa gwiwa mai tsaga, sai dai hijabin ya zama gajere a cusa shi cikin jaket, dogo mai kaɗawa a iska yana firgita doki kuma yana kama reshe. Maza ma babbar riga da jallabiya a bar su a masauki. Babbar jaka ka bar ta a Kochkor, abin kwana uku kawai za a zuba a mangalar sirdi.

8. A kan doki

Kada ka tashi daga jirgi ka wuce sama. Kwana ɗaya a Bishkek mai wajen mita 800, kwana ɗaya a Kochkor mai wajen 1,800, sannan ka hau. Ka sha ruwa da shayi sosai ko ba ka jin ƙishi.

Ta hagu ake hawa. Tafin gaban ƙafa kawai zaka sa a likkafa, dunduniya ta yi ƙasa. Bayan minti ashirin da tashi ka ce a sake ɗaure majayi don doki kan kumbura ciki lokacin ɗauri, haka kuma kafin kowace gangara mai tsanani. In ana hawa ka sunkuya gaba ka sassauta linzami, in ana gangara ka kwanta baya kaɗan ka tokare da likkafa. In ka ce masa “chu” zai tafi, kalmar da suka saba da ita kenan.

A wuri mai duwatsu ko tsallaken rafi ka bar dokin ya zaɓi inda zai taka, ya fi ka sanin hanyar, masu fizgar linzami saboda tsoro su ke sa shi tuntuɓe. In gangarar ta yi maka yawa ko akwai ƙanƙara mai santsi ka sauka ka ja shi, babu abin kunya, 'yan jagoran ma suna yi.

Gargaɗi: kada ka sa ko cire rigar ruwa kana kan doki, kada ka buɗe lema, kada ka ɗaura igiyar linzami a hannu don ka ɗauki hoto. Ka bar tazarar doki ɗaya tsakaninka da na gaba saboda harbi. In kun doshi tantin makiyaya karnuka za su taso, ka zauna a kan dokinka har mai gida ya fito. Sukuwa kuma sai a filin bakin tafki inda ɗan jagora ya ce babu ramukan dabbobi. Ku tashi da wuri, a ƙarshen Satumba kafin bakwai na yamma rana ta faɗi kuma da ta ɓuya bayan dutse sanyi ke rufowa.

Ciwon kai kaɗan a daren farko ba abin tsoro ba ne. Amma amai, tangaɗi, ruɗewa, ko numfashi na sarƙewa kana zaune, wannan a gaya wa ɗan jagora a sauka ko da dare ne.

9. Abinci da sallah

Yawancin mutanen ƙasar Musulmi ne, da ka yi sallama za a amsa maka da fara'a. Abinci nama ne da burodi da taliyar hannu da shinkafa, ga shayi ba iyaka da man shanu da jam. Yaji babu, ka ƙullo naka. Abu biyu zaka kula. Suna cin naman doki kuma abin girmama baƙo ne a wurinsu, musamman a cikin beshbarmak, wato dafaffen nama da taliyar hannu, da wani tsiran da ake kira chuchuk, mu kuma ba mu saba ba, to ka gaya wa ɗan jagora tun farko ya sanar da masu gida cikin mutunci. Na biyu kumis, nonon goɗiya ne da aka bari ya yi tsami har yana da ɗan kaso na barasa, za a miƙo maka a kwano, ka sa hannu a ƙirji ka ce rahmat wato na gode, ka karɓi shayi. Burodi kuwa in an ajiye ko gutsure ne ka ɗanɗana, kada ka kife shi kada ka tsallake ledar cin abinci, kuma ka cire takalmi a ƙofar tanti.

Alƙibla a can yamma take ta ɗan karkata kudu, jikinka zai riƙa ja ka gabas don sabo, ka duba kamfas. Agogonsu na gaban namu da awa biyar. Alwalar asuba ka roƙi ruwan ɗumi daga butar shayi tun dare ka zuba a filas. Matafiyi ne kai, akwai rangwamen ƙasaru da haɗa salloli, ka tambayi malaminka hukuncin shafa a kan huffi kafin ka taso don zai yi maka amfani sosai.

In ka tsara ka kwana Karakol ranar Asabar, ka tashi da asuba ranar Lahadi ka je kasuwar dabbobi, kara ce sosai irin tamu, dawaki da shanu da tumaki masu kitsen gindi, a kaka ta fi cika don dabbobi sun sauko daga makiyaya da ƙiba, kuma kafin goma na safe ta fara watsewa. Daga nan ka wuce masallacin katako na 'yan Dungan, Musulmi masu asali daga China, da aka gama a 1910, gininsa irin na China, ka yi azahar a can.